'Yata na son kwas ɗin kula da lafiya, mahaifinta ya ce sai likita

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da abokan aikinki. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, 'yar asalin Zariya, amma tun 2022 muke zaune a wani gari a arewacin Ingila. Ta waya nake sauraren shirinki, galibi a cikin bas idan na taso daga aikin dare. Na daɗe ina jin na wasu, yau ga nawa.

Maganar 'yata ta fari ce, ki yi mini uzuri, ba zan kama sunanta ba. Shekararta 15, tana aji na 11, kuma a watan Mayu za ta fara jarrabawar GCSE, wato kamar WAEC ɗinmu ta gida. A nan doka ba ta yarda yaro ya ajiye karatu ko koyon sana'a kafin ya cika 18 ba, don haka tun yanzu ake cike fom ɗin abin da za a yi a shekara biyu masu zuwa. Mahaifinta yana so ta yi A-level, wato karatun share fagen shiga jami'a, a kemistiri, bayoloji da lissafi, hanyar da masu neman likitanci ke bi. Ita kuwa ta kafe a kan kwas ɗin koyon sana'a da ake kira BTEC, na kula da lafiya da jin daɗin jama'a.

Ni na raka ta makarantar ranar da aka kira iyaye, domin Abbanta yana wurin aiki. Malamar ta yi mana bayani dalla-dalla. Babbar difilomar shekara biyu ce, kuma ana lissafa ta daidai da A-level uku. Wanda ya samu mafi girman sakamako yana da maki 168 a ma'aunin UCAS, hukumar da ake neman jami'a ta hannunta, daidai da wanda ya cinye A-level ɗinsa duka. Ana koyon yadda ɗan Adam ke girma daga haihuwa har tsufa, sassan jiki da aikinsu, kare yara da marasa ƙarfi daga cutarwa, da riƙe sirrin majinyaci. Akwai jarrabawa, amma yawancin makin daga ayyukan da ɗalibi ke rubutawa cikin shekara yake fitowa, sannan a tura shi koyon aiki a gidan tsofaffi ko gidan renon yara. Jami'o'i da yawa suna karɓar wannan takarda don karatun nas da ungozoma. Da na tambaye ta batun likitanci, ba ta ɓoye mini ba, ta ce yawancin makarantun likita A-level suke nema, da sakamako mai tsananin kyau, ga kuma jarrabawar UCAT ta masu neman likitanci a kai.

Da na kawo wa maigidana wannan bayani, sai ya ce: "Ban bar aikina da ƙasata don 'yata ta ƙare a wankin tsofaffi ba." A gabana ya faɗa, Anti, kuma a gaban yaran. Wankin tsofaffin nan shi ne aikina. Da bizar masu kula da tsofaffi na shigo ƙasar nan, su kuma suka biyo ni a kanta, Allah Ya sa mun riga watan Maris na 2024 da aka hana masu irin bizar zuwa da iyali. Ban tanka ba. Na san abin da ke cinsa: malamin sakandare ne a gida, ana gaishe shi da girma a unguwa, yau kuwa kwali yake ɗauka a sito. Duk burinsa ya ɗora a kan yarinyar nan. Daga baya ya ba ni haƙuri, amma maganar ba ta fita daga raina ba.

Abin da ya sa na rubuto miki ban tunkari wata a cikin danginmu ba shi ne, ni ma ba wankakkiya ba ce a wannan zance. Har yau idan 'yan uwa suka tambayi aikina, cewa nake "ina harkar asibiti", in bar su su ɗauka nas ce. A gida na yi makarantar koyon aikin lafiya, na yi shekaru a ƙaramin asibitin ƙauye ina awon ciki da riga-kafi, amma a nan takardar ba ta mayar da ni nas ba. Awa 12 nake yi a tsaye, in ɗaga wannan, in ciyar da wancan, bayana ya fara ciwo, albashin kuma bai wuce mafi ƙanƙanta da doka ta yanka ba sai da kaɗan. Aiki ne na lada, na yarda, akwai wata tsohuwa da ba ta cin abinci sai daga hannuna. Amma ko ni ba na yi wa 'yata fatansa. A wurin aikinmu akwai 'yan mata biyu Turawa da suka yi wannan kwas ɗin. Ɗaya tana shekara ta biyu a karatun nas, ɗayar kuwa ga ta nan tare da ni, muna canza zanen gado.

Ita yarinyar ba sakarci ya kai ta ba. Tun tana 'yar shekara tara take ba kakarta koko a baki lokacin da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta taɓa ƙyama ba. Ungozoma take son zama. Kuma ta san kanta: aikin gida tana yin sa da kyau, amma a ɗakin jarrabawa sai ta daburce. A gwajin da suka yi a Disamba ta samu 6 a Ingilishi, 5 a lissafi, 5 da 6 a kimiyya, makarantar kuma 7 take nema kafin a ba ɗalibi kemistiri (makin daga 1 zuwa 9 yake, 9 ne mafi girma). Ta ce da ni: "Umma, in na yi abin da Abba yake so na faɗi, na rasa biyu ke nan." Abbanta ya ce raki ne kawai, a ɗaukar mata malamin lesin, kafin Mayu za ta kai. Ya kuma kawo maganar kunya, wai yaya budurwa za ta riƙa shiga ɗakin maza tsofaffi. Wannan kam na san amsarsa, ba a barin ɗaliba mai koyon aiki ita kaɗai, amma ba ya son ji daga bakina.

Anti, ki taimake ni. In goyi bayanta a fili, alhali ban taɓa ja da mahaifinsu a gaban yara ba? Ko in lallashe ta ta gwada A-level ɗin don kada mu rufe mata ƙofar likitanci tun tana 15, ko da yake zuciyata na gaya mini ba za ta iya ba? Na yi tunanin in roƙi wani dattijo a masallacinmu, wanda 'yarsa nas ce a NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin nan, ya yi masa magana, sai dai ina tsoron ya ce na kai sirrin gida waje. Sannan yaya zan yi in gane ko don ita nake jin tsoron kwas ɗin nan, ko don kunyar da nake ji ta aikina?

Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar fom, yana nan a kan firiji ba wanda ya taɓa shi. Ina sauraren shirin ranar Lahadi in sha Allahu.

Taki,
Wata uwa daga Ingila