Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Mai Aikin Bishara A Chadi

Gani, ƙaramar hukumar Sumaila.

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Muna lafiya, an gama yankan gero, dawa ta kusa. Mahaifiyarka da dattawan ikkilisiya suna gaishe ka.

Ka ce a wayarka kuna aiki da 'yan Koriya, da wani Bahabashe, da Turawa biyu, kuna sujada tare amma har yau ba wanda za ka buɗe wa cikinka. Kada wannan ya ba ka mamaki. Bangaskiya ɗaya ta mai da ku 'yan'uwa tun kafin ku ga juna, amma aminci sai an noma shi kamar gona.

Fara da mutum ɗaya, namiji, wanda ka lura ba ya kai maganar wani wurin wani. Ku tsai da rana guda a mako da sa'a guda da ba ta canzawa. Minti 20 ku karanta Littafi Mai Tsarki, minti 20 kowa ya faɗi abin da ke damunsa, sauran ku yi addu'a. A watan farko ka ba shi ƙaramar damuwa tukuna, ka ga ko za ka ji ta a bakin wani. In wata uku suka wuce ba ta fita ba, ka samu aboki. Abin da ke kashe irin wannan zama shi ne ɗagawa: yau taro, gobe gajiya, in aka tsallake mako uku a jere ya mutu ke nan. Ubangiji da kansa bibbiyu ya aiki almajiransa, ka duba Markus 6:7.

Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar kowa da irin takunta. Mu nan sallama kawai muke yi mu shiga. Bature yana so a gaya masa tun jiya, kuma in ya ce maka a'a kai tsaye, ba raini ba ne, haka suka tashi. Kai ma in ka ce masa "to, sai mu gani" alhali ƙi kake nufi, zai ɗauka ka yarda, gobe ya ga ka saɓa alkawari. Da shi ka fito fili. Da mutanen ƙasar kuwa ka yi yadda ka saba a gida: doguwar gaisuwa, zaman shayi ba gaggawa, zuwa gaisuwar mutuwa da suna. Ka koyi kalmomi biyar na Larabcin Chadi kullum, ka yi amfani da su a ranar. Kada ka manne wa 'yan Najeriya kaɗai, kada kuma WhatsApp ya cinye maka maraice. Kiran gida sau biyu a mako ya ishe mu.

Yanzu maganar kuɗi, domin a nan yawancin abota take karyewa. Tallafin da ikkilisiyoyinmu ke aiko maka daga baikon hatsi ba zai kai na wanda ya zo daga Amurka ba. Shi da mota, kai da babur. Kada ka roƙe shi, ko da wasa, ko ta hanyar sa buƙatarka cikin addu'a da ƙarfi don ya ji. Ranar da ya zama mai ba ka, ya daina zama abokinka, ya zama ubangidanka, kuma ba za ka ƙara iya gaya masa gaskiya ba. In kun haɗa gida ko tukunya, ku sayi littafi, a rubuta kowace sefa da aka kashe a ranar, ku yi lissafi ƙarshen wata. Rance kuwa, kada ka bayar da abin da ba za ka iya yafewa ba. In ya gayyace ka cin abinci sau biyu, kai ma ka kira shi sau ɗaya, ko tuwo da miyar kuka ne.

Za ku bambanta a kan baftisma, da kiɗa a majami'a, da yadda ake addu'a. Ka bar waɗannan sai kun ci abinci tare sau da yawa.

Saɓani zai zo. Bulus da Barnaba ma sun rabu a kan Yohanna Markus, yana cikin Ayyukan Manzanni sura 15, daga baya kuma Bulus ya aika a kawo masa Markus ɗin domin yana da amfani a gare shi. In ɗan'uwa ya ɓata maka, ka bi Matiyu 18:15, ku biyu kaɗai, cikin kwana ɗaya ko biyu, baki da baki. Kada ka rubuta a waya, rubutu ba ya ɗauke da murya. Kada ka fara kai ƙara wurin shugaba. Asirin da aboki ya ba ka kuma kada ya shiga wasiƙar addu'a da kake aiko mana, hotonsa ma sai da izininsa.

Da 'yan'uwa mata ka yi zumunci a cikin jama'a, ƙofa a buɗe. Kaɗaici yana sa mutum ya ɗauki tausayi a matsayin wani abu dabam.

Ka tuna mutum uku da suka sauka Legas a 1893 suka fara aikin ƙungiyar bishara ta SIM (Sudan Interior Mission). A 1894 ciwo ya ɗauke biyu nesa da juna, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya rage. Don haka tun kana lafiya ka nuna wa abokinka inda fasfo ɗinka da katin rigakafin shawara suke, ka ba shi lambar gida da rukunin jininka, kai ma ka karɓi nasa. Zazzaɓi in ya kwana ɗaya, ka kira shi ya kai ka gwaji, ban da jin kunya.

Mahaifiyarka ta haɗa maka kuka, daddawa da yaji, ta ninka yawansu domin baƙin da za ka dafa wa. Ka rubuto mana sunan wanda kuka fara addu'a da shi, mu riƙa ambatonsa tare da naka.

Ni ne,
Mahaifinka.