Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamna Abba Kabir Yusuf kan ma'aikatan da suka cire rai daga aiki

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Allah ya yi riƙo da hannunka.

Ni ma'aikacin jiha ne, kuma abin da nake gani ya hana ni yin shiru. Da yawa daga cikinmu sun cire rai daga aiki. Mutum zai zo ya sa hannu a rajista, ya taɓa iya abin da ya san za a tambaye shi, daga an fita sallar azahar sai gobe. Talakan da ya ranto kuɗin adaidaita sahu daga Rijiyar Zaki ko Hotoro, amsar da yake samu ba ta wuce "oga bai shigo ba" ko "a dawo gobe".

Mun shaida ka amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, ka kuma fara sauke bashin garatutin da ka gada. Allah ya saka da alheri. Amma ranka ya daɗe, ciwon yana nan. Wanda ya yini kan fayil da wanda ya yini a shagonsa na Kantin Kwari, alat ɗaya ke shigo musu a ƙarshen wata. Fom ɗin auna ƙwazo na shekara kowa maki mai kyau yake samu, domin babu ogan da ke son a ce ya toshe wa wani hanyar abinci. Kwas, tafiya da canjin wurin aiki mai maiƙo kuwa, sai mai uwa a gindin murhu. To don Allah me zai sa mai ƙwazo ya ci gaba?

Abin da ya fi ci min rai shi ne sababbin ɗauka. Yaro zai shigo da zafinsa, yana neman a ba shi aiki, sai manya su ja shi gefe: "Bi a hankali, aikin gwamnati ba ya ƙarewa." Kafin shekara ta zagayo shi ma ya koyi zaman jiran tashi. Wallahi wannan asara ce ga Kano.

Kai ka ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024. Su wa za su aiwatar da ita, in ba malamin aji da jami'in da takardar ke bi ta teburinsa ba?

Ina roƙonka kada maganin ya tsaya ga kulle ƙofa da safe, domin mutum na iya zama a kujera har ƙarfe huɗu bai tsinana komai ba. Ka umarci Shugaban Ma'aikata ya sa kowane darakta ya rubuta aikin da kowa ya gama, da shi za a duba ƙarin girma, a kuma liƙa sunayen waɗanda aka tura kwas kowa ya gani. Akwai batun ofisoshin da ba wuta ba takarda, da tsadar mota tun cire tallafin mai a 2023, amma a fara da wannan tukuna.

Wassalam,
Wani ma'aikaci daga Kano