Wasiƙa ga 'yata kan na'urorin da za ki saya da masu kutse

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na ga jerin kayan da kike shirin saya: na'urar Wi-Fi, kamarar tsaro, filashi da fawa bank. Kin tambaye ni kamfanin da ya fi. Amsar a taƙaice ita ce ki nemi wanda ya faɗa ƙarara shekara nawa zai yi yana turo wa na'urarsa sabuntawar tsaro. Wanda ya yi shiru a kan haka, ki bar masa kayansa komai arha. Amma abin da ya sa na zauna rubuta miki doguwar wasiƙa shi ne sa'ar farko bayan kin fito da na'ura daga kwalinta, don sakacin da ake yi a lokacin na daga cikin hanyoyin da masu kutsen da sunansu ya karaɗe duniya suka samu shiga.

Mu fara da na'urar Wi-Fi, tunda duk abin da ke gidanki ta cikinta zai bi. A 2016 wasu samari uku a Amurka, Paras Jha da Josiah White da Dalton Norman, suka rubuta manhajar da ake kira Mirai. Aikinta ɗaya ne: ta bi intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kamarori da na'urorin Wi-Fi, tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sakawa, irin su admin da 12345. Da wannan kaɗai ta mallake na'urori dubu ɗaruruwa. Bayan an saki lambobin manhajar a fili, aka yi amfani da ita ranar 21 ga Oktoban 2016 wajen kai hari ga Dyn, kamfanin da ke nuna wa burauza hanyar zuwa manyan shafuka da yawa, har Twitter da Netflix da Reddit suka ɗauke wa mutane da yawa na sa'o'i. Masu kamarorin nan ba su ma san da su aka yi aikin ba.

To ga abin da za ki yi. Ki juya na'urar, a ƙasanta akwai takarda mai adireshin shafin saiti, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ki rubuta shi a burauza ki shiga. Kalmar sirri biyu ce a wurin, kuma mutane da yawa ɗaya suke canzawa su manta ɗayar. Akwai ta shiga Wi-Fi, wadda kike ba baƙo, akwai kuma ta shafin saitin kansa, wadda duk mai ita shi ne mai na'urar. Ki canza duka biyun, kada su zama iri ɗaya. A wajen nau'in tsaro ki zaɓi WPA3, in babu ki ɗauki WPA2 mai AES. Idan WEP kawai na'urar ke da shi, ki mayar da ita, tsohon hannu ce. Albert Gonzalez da abokansa a mota suke yawo a Miami suna neman shagunan da Wi-Fi ɗinsu ke da rauni, ta haka suka kutsa kamfanin shagunan TJX mai amfani da WEP suka kwashi lambobin katin banki sama da miliyan 45. A 2010 aka yanke masa shekara 20.

Akwai wani maɓalli da aka rubuta WPS, an yi shi don sauƙaƙa haɗa na'ura ba tare da kalmar sirri ba. Ki kashe shi a saiti. Lambarsa guda 8 ce, sai ki ɗauka sai an gwada sau miliyan 100, amma na'urar tana duba ta ne rabi-rabi, guda 4 na farko daban, saura daban, ta ƙarshe kuma lissafinta ake yi daga sauran. Gwaji kusan 11,000 ya isa a fasa ta, an kuma san da wannan tun 2011. Ki kashe UPnP, wato saitin da ke barin na'urorin gida su buɗe wa kansu ƙofa zuwa intanet, da kuma saitin sarrafa na'urar daga nesa. Sannan ki buɗe layin baƙi, wato Wi-Fi na biyu da aka ware daga babban layin, ki ɗora kamara da talabijin a kansa, wayarki da kwamfutarki su zauna a babban layin. Ko an kame kamarar, mai kutsen ba zai hango kwamfutarki ba.

Ita kamarar, a ƙofa ko falo za ki kafa ta. Ɗakin kwana kada ma ki soma. Duk hoton da ya bar gidanki zuwa rumbun wani kamfani, ba ke kaɗai ke da iko da shi ba.

Sai batun sabuntawa, wanda na san yana ba ki haushi idan ya faɗo miki kina tsakiyar aiki. Ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace. Asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Abin takaicin, Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka sabunta ba abin da ya same su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki kunna sabuntawa ta kai-tsaye a waya da kwamfuta, ki sa ta riƙa yi da dare. Na'urar Wi-Fi da kamara sau da yawa ba sa yi da kansu, ki riƙa leƙa shafin saitinsu duk wata biyu ko uku.

Yanzu na zo inda na fi jin tsoro a kanki, don ke mai kunya ce, ba kya son ki ce wa mutum a'a. Kevin Mitnick, wanda hukumar FBI ta kama a watan Fabrairun 1995 ya kuma yi shekara 5 a tsare, babban makaminsa baki ne. Zai kira ma'aikacin kamfani ya ce shi abokin aiki ne daga wani sashe, ya ambaci sunan shugaba, ya yi magana da kalmomin da 'yan gida ke amfani da su, ya nuna yana cikin matsi, sai a miƙa masa abin da yake so da hannu biyu. Shekara 25 bayan nan dabarar ba ta tsufa ba. A ranar 15 ga Yulin 2020 wani yaro ɗan shekara 17 a Florida, Graham Ivan Clark, tare da wasu, suka yaudari ma'aikatan Twitter ta waya, suka shiga shafukan Barack Obama da Joe Biden da Elon Musk da Bill Gates, suka tara bitcoin na sama da dala 100,000 cikin 'yan sa'o'i. Idan ma'aikatan da aka horar sun faɗa, kada ki ce ke kin fi ƙarfin a ruɗe ki.

Ƙa'idar guda ce kuma ba ta da togaciya. Duk wanda ya kira ki ya ce daga banki ko kamfanin waya yake, ki kashe, ki kira lambar da ke bayan katinki da kanki. Lambar da ta fito a fuskar waya ana iya ƙirƙirar ta. Lambar tabbatarwa da aka turo miki ta tes ba a karanta wa kowa, ko da muryata kika ji, don yanzu ana kwaikwayon murya da manhaja. Gaggawa kanta alama ce. Mai gaskiya zai jira ki minti biyar.

Lambar tes ɗin ma tana da rauninta. Ɓarawo kan yaudari kamfanin waya ya mayar da layinki kan wani sim, sai lambobin su riƙa zuwa masa. Alamar ita ce sabis ya ɗauke miki ɗif alhali na kusa da ke suna da shi. Idan kin ga haka kada ki jira gobe, ki ari waya ki kira kamfanin da bankinki. Don rage dogaro da tes, ki sa manhajar tabbatarwa irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, mai fitar da lamba 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30. Lokacin saitawa za a ba ki lambobin ajiya, ki rubuta su a takarda ki ɓoye. Wanda bai yi haka ba, ranar da wayarsa ta ɓace shi kansa zai iya rasa hanyar shiga asusunsa.

Akwai na'ura ɗaya da babu a jerinki, kuma da ni ne ita zan fara saya: maɓallin tsaro irin YubiKey, ɗan ƙaramin abu kamar filashi da ake soka wa kwamfuta ko a kanga a bayan waya. Fifikonsa shi ne yana duba adireshin shafin kafin ya amsa, don haka ko an ja ki zuwa shafin bogi ba zai yi aiki ba. Google ya faɗa a 2018 cewa tun da ya tilasta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da irinsa, ba a ƙara ƙwace asusun aikin ko ɗaya ta hanyar yaudara ba. Ki sayi biyu, ki yi rajistar duka, ɗaya a jikin makullanki ɗaya a ajiye. Ki fara da imel ɗinki, don duk wanda ya riƙe shi zai iya sake kalmar sirrin sauran asusunki ɗaya bayan ɗaya. Kowane asusu da kalmarsa daban, ki bar manhajar ajiye kalmomin sirri ta riƙe miki. Wadda za ki haddace ta zama kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna.

Filashin da kika tsinta ko wanda ba ki san asalinsa ba, kada ki soka shi. Akwai masu siffar filashi da kwamfuta ke ɗauka a matsayin allon rubutu, su buga umarni cikin daƙiƙoƙi kafin ki ankara. Ta filashi manhajar Stuxnet, da aka gano a 2010, ke yaɗuwa zuwa kwamfutocin da ba sa kan intanet. Naki kuma kada ki mayar da shi ma'ajiyar dindindin. Muhimman takardu da hotuna su kasance wuri uku, ɗaya a ciki faifan ajiya da kike cirewa bayan kin kwafa, don manhajar fansa tana kulle duk abin da ta tarar a haɗe.

Fawa bank kuwa lissafi ne. Wanda aka rubuta wa 10,000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, a kan volt 3.7 na batirin ciki aka auna shi. Idan aka ɗaga wutar zuwa volt 5 aka cire abin da ke tafiya a zafi, abin da zai fito bai wuce 6,000 zuwa 6,500 ba. Wayar da batirinta 5,000 ne sau ɗaya da ɗoriya zai cika ta, ba sau biyu ba. Ki nemi mai USB-C da aka rubuta PD, wato mai saurin caji, watt 20 ya ishi waya. Kwamfuta kan buƙaci 45 zuwa 65, kuma abin da ya haura watt 60 sai da kebul na musamman mai ɗaukar amfiya 5. Kada ki bar shi a mota cikin rana ko ƙarƙashin matashi yana caji. Ranar da kika ga ya kumbura, ki daina amfani da shi nan take, kada ki matsa shi ko ki huda. In za ki hau jirgi, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100 Wh, wato kusan 27,000 mAh.

Idan kayan sun iso, ki turo mini hoton shafin saitin Wi-Fi ɗin in duba, amma ki rufe wurin kalmar sirri kafin ki ɗauka. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.