Kafin a ce bod ɗin laftof ya ƙone, a duba BIOS

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da masu laftof da 'yan'uwana masu gyara, kan wata asara da ake jawo wa mutane ba gaira ba dalili. Za a kunna kwamfuta, fitila ta kama, fanka ta juya, amma sikirin baƙi ƙirin. A kai ta shago, a ce bod, wato babban allon da kayan cikinta ke manne a kai, ya ƙone, sai dai a sayi wani. Sau da yawa kuwa bod ɗin lafiyarsa lau, BIOS ne ya lalace.

BIOS shi ne ɗan shirin da ke tayar da na'urar kafin Windows ta karɓi aiki. Yana cikin wani ƙaramin IC, wato ɗan guntun lantarki da ke manne a bod, mai ƙafa 8 da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, galibi ƙirar Winbond, Macronix ko GigaDevice. Babban abin da ke lalata shi shi ne ɗaukewar wuta ana tsaka da sabunta shi. Windows kan kawo sabuntawar da kanta, laftof ɗin gwanjo kuma yawanci batirinsu ya gaji, sai wuta ta tafi an goge tsohon rubutu, sabon bai gama shiga ba.

A fara da mai sauƙi. A zare caja da batir, a cire ɗan batirin CMOS mai riƙe agogon kwamfutar, wanda ya kamata mita ta nuna bolt 3 a kansa, a danne madannin kunnawa na daƙiƙa 30. A cire RAM a goge a mayar, a gwada wani sikirin ta HDMI. Idan shiru, a nemi hanyar da kamfanin ya tanada. A HP ana riƙe madannin Windows da B, a danna na kunnawa daƙiƙa 2 zuwa 3, a sake shi amma a ci gaba da riƙe biyun har shafin gyara ya fito. A Dell ana riƙe Ctrl da Esc sannan a soka caja. Idan ba ta samu kwafin BIOS da ke cikinta ba, a sa mata fayil ɗin BIOS a filash mai tsarin FAT32 da suna BIOS_IMG.rcv. Wasu Acer suna amsa Fn da Esc. Sikirin na iya yin mintoci bai nuna komai ba, fanka na ƙara. A yi haƙuri, kada a taɓa ta.

In duk wannan bai yi ba, sai a rubuta IC ɗin kai tsaye, a nan ne kuma ɓarnar take. Abin aikin da kowa ya sani shi ne CH341A, 'yar na'urar karanta IC da rubuta shi, da matsenta mai baki 8, tare da manhaja irin NeoProgrammer, AsProgrammer ko flashrom. Kafin komai a karanta lambar da ke bayan IC ɗin da madubin ƙara girma. W25Q64FV bolt 3.3 yake ci, amma W25Q64FW bolt 1.8 ne, harafi ɗaya ya raba su. Wanda ya haɗa na biyun ba adafta ta 1.8 yana iya kashe shi. Akwai ma baƙar CH341A da ke tura bolt 5 ta layukan bayanai, a auna ta da mita tukuna. Jar wayar matsen tana hawa ƙafa ta 1, wadda ke kusa da ɗigon da ke kan IC. Caja da batir da na CMOS duk a cire su.

Roƙona ga masu gyara, don Allah kada a danna gogewa sai an kwashe abin da ke ciki an adana. A karanta sau biyu, a kwatanta fayilolin. Idan sun bambanta, ko aka ga FF zalla ko 00 zalla a cikin fayil ɗin, matsen bai kama ba ko sauran bod ɗin na jan wutar. Nan sai a ɗaga IC ɗin da iska mai zafi a karanta shi a waje. Ko lalataccen rubutu ne yana da daraja, domin a cikinsa lambar na'urar take, haka ma lasisin Windows a kwamfutocin da suka fito tun daga Windows 8. Wanda ya goge bai adana ba ya raba mai kaya da su.

Fayil ɗin da za a zuba kuma a zaɓe shi da lambar da aka buga a jikin bod, domin samfuri ɗaya kan zo da bod iri biyu ko uku. Girmansa dole ya yi daidai da IC: MB 8 ga W25Q64, MB 16 ga W25Q128. Wanda aka sauke daga shafin kamfani sau tari ba cikakke ba ne, sai an ciro ɓangaren BIOS an ɗora a kan kwafin da aka adana. Idan kuma daga wata kwamfutar mai Intel aka kwafo, a tsabtace ɓangaren ME, wato shirin Intel da ke cikin fayil ɗin, in ba haka ba za ta daɗe kafin ta nuna hoto, ko ta riƙa mutuwa bayan minti 30. Mai kaya ya dawo da ita, a fara zargin zafi, alhali fayil ne. A lura kuma, wasu bod ɗin IC biyu gare su, ƙaramin na EC ne mai kula da caji da madannai, kada a zuba masa na babban.

Bayan rubutawa a sa manhajar ta tantance cewa abin da ya shiga daidai ne. Tashin farko kan yi jinkiri, har ta kashe kanta ta sake kunnawa. Mai BitLocker, wato makullin bayanai na Windows, ya nemo mabuɗinsa mai lamba 48 a asusunsa na Microsoft, don tana iya tambaya. Idan ka zo karɓar kayanka, ɗan'uwa, ka ce a sa maka kwafin asali na BIOS ɗin a filash ka tafi da shi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta, Kano