Kun bar baƙonku ya ɗora mana laifi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, na rubuto ne a kan shirin lafiya na daren Laraba a gidan rediyonku. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba.

Baƙon naku ya taso daga Yamai ya cinye rabin shirin yana lissafa motocin asibitin da aka raba wa jihohi. Daga nan ya ce babbar matsalar mutanenmu ita ce ba sa kai maras lafiya da wuri, kuma in an yi hatsari sai su ɗora mutum a kabu-kabu maimakon su kira lambar gaggawa ta 15 ko 18. Mai gabatar da shirin ya ce masa haka ne, ya wuce tambaya ta gaba. Bai tambaye shi wa ke zama a bayan waɗannan motoci tare da maras lafiya ba. Bai tambaye shi wa ke tarbar mutum a ƙofar asibiti ƙarfe biyun dare ba, balle abin da aka koya wa mai tarbar. Na yi ta kiran layinku har aka sa kiɗan rufe shiri, ba wanda ya ɗauka.

Ni majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, mai ritaya. A ƙananan asibitocin karkarar jihar nan na yi aiki har furfura ta fito mini, don haka ba jita-jita nake kawo maka ba. Bara da kaka ɗan ƙanwata yana dawowa daga cin kasuwa a kan babur, a hanyar Tanut, mota ta kwashe shi gab da magariba. Mutanen ƙauyen da ke bakin hanya ba su yi jinkiri ba, Allah ya saka musu da alheri. Ko sallah ba su tsaya yi ba suka sa shi a amalanke suka kai shi ɗan asibitin da ya fi kusa. Ya isa yana magana, har yana tambayar ina babur ɗinsa. Ma'aikaci ɗaya ne a wurin, ya ɗinke masa tsagar goshi, ya ɗaura masa ƙarin ruwa, ya taɓa cikinsa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai an kai shi birni. Aka kira motar asibiti daga wani gari, aka ce mota tana nan amma babu mai a cikinta, sai dangi sun biya. Muka aika da jaka ashirin ta waya. Kafin a karɓi kuɗin, a nemo mai sayar da mai, a nemo direba, an yi isha'i an watse.

Ina tsaye a ƙofar asibiti a nan Damagaram motar ta iso. Da aka buɗe bayanta, babu kowa sai yaron a kwance da yayansa a tsugune, ya ɗaga ledar ruwan da hannu, ruwan ya ƙare tun a hanya, jini ya hau cikin robar. Babu ma'aikacin jinya, babu iskar numfashi, babu abin gwada bugun jini. Na kama hannunsa, sanyi ƙalau, ga zufa. Na ja fatar idonsa, fari fat. Cikinsa ya yi tauri, jijiyar hannunsa tana bugawa da sauri amma da ƙyar ake jinta, sai cewa yake a ba shi ruwa ya sha. Duk wanda ya taɓa aikin nan ya san abin da wannan ke nufi: jini ne ke zuba a cikin ciki, galibi saifa ce ta fashe.

A ciki likita ɗaya ne, matashi, ga mutane har ƙasa. Yana kan wani da ya karye a ƙafa yana ta ihu. Ban zarge shi ba, kuma ba zan zarge shi ba, don kowa ma mai ihu zai fara juyawa ya duba. Amma a aikin gaggawa wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro, kuma ba a sa kowa a ƙofa da zai dubi masu shigowa ya ce wannan yanzu-yanzu, wancan zai iya jira ba. Sai da na ɗaga murya, na faɗi ko ni wane ne, aka zo kansa. Aka rubuta takardar magani, yayansa ya ruga waje neman safar hannu da allura da ruwa. Aka ce a kawo masu ba da jini, muka shiga buga waya muna tada dangi daga barci. Aka aika a kira mai fiɗa daga gida. Kafin duk wannan ya haɗu, yaron ya cika, ana kiran assalatu. Ya bar mata da goyo.

Rai na Allah ne, kuma mun karɓi ƙaddara. Ban ce da an yi kaza da lalle ya rayu ba. Amma ka gaya mini, Malam Edita, a wane wuri ne a cikin labarin nan talaka ya yi jinkiri? Masu amalanke ne, ko mu da muka aika kuɗin mai tun kafin a gama faɗa? Duk sa'o'in da suka salwanta bayan yaron ya shiga hannun ma'aikatan lafiya suka salwanta. Shi ya sa na ji zafin yadda aka zauna a gidan rediyonku ana ce mana mu ne ba mu waye ba, ba wanda ya ce uffan. Mai kabu-kabun da ya ɗauki mai rauni ya san in ya tsaya jiran mota zai daɗe yana jira, kuma ƙauyuka nawa ne a arewacin Tanut ko gabashin Gure inda sai an hau tudu ake samun rezo?

Motar da babu ƙwararre a bayanta ba ta da bambanci da taksi, sai dai jiniya. Abin da muke nema mutane ne da aka horar musamman don sa'a ta farko: likitan da wannan ne fanninsa kamar yadda wani yake na ido wani na mata, da ma'aikatan jinya da suka karanci aikin, da masu rakiya a mota waɗanda suka iya buɗe hanyar numfashi, su tsayar da jini, su kafe wuyan wanda ya faɗi. A zamanin aikina ɗakin gaggawa wuri ne da ake tura sabon likita ya yi gadin dare, ya koya a kan mutane, in ya samu hanya ya gudu wani fanni. Ba wanda yake zama ya tsufa a wurin har ya koyar da na baya. Ga ƙananan abubuwa da ba sa buƙatar miliyoyi. Akwai allurar rage zubar jini, asid tiranezamik, mai araha, wadda amfaninta yake cikin awa 3 na farko, kuma tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yi wa matan da jini ya ɓalle musu bayan haihuwa. Irin wannan zubar jini tana iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2. Tun 2006 muke alfahari da cewa fiɗar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar, kuma abin a yaba ne. To amma matar da ta ƙare a hanya tsakanin ƙauyensu da Magariya, me kyautar fiɗa ta amfana mata?

Da ma'aikacinku ya ɗan yi bincike kafin shiri, da ya ajiye wa baƙon misalin Gana. A ranar 9 ga Mayu 2001 mutum fiye da 120 suka mutu a turmutsutsun filin ƙwallon Accra. Abin ya girgiza su, suka kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004 da ma'aikatan da aka horar don aikin. A 2009 asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi ya fara horar da likitocin gaggawa a matsayin fanni mai zaman kansa. Sai a 2020 suka raba sabbin motoci 307, lokacin akwai mutanen da za su shiga cikinsu. A Kumasi ɗin nan ne ma aka taɓa tara direbobin motocin haya aka koya musu taimakon farko, saboda an lura su ne ke kwaso mafi yawan waɗanda suka yi hatsari. Ba a zage su ba, an koya musu. Amurka ta amince da wannan fanni tun 1979. Ita kanta Faransa da muka kwaikwayo SAMU, wato tsarin kai agajin likita na gaggawa, daga gare ta, wadda ta fara shi a Toulouse a 1968, ta ga bai isa ba sai da ta mai da aikin gaggawa cikakken fannin ƙwarewa, ɗalibai na farko suka shiga a 2017. A 2019 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi kowace ƙasa ta gina tsarin kulawar gaggawa tun daga wurin da abu ya faru har gadon asibiti. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a ambata a shirinku ba.

Jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙidayar 2012, mutum sama da miliyan 3 da rabi, yau kuwa Allah kaɗai ya san yawanmu. Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne. Duk tsarin da aka zauna aka tsara shi daidai da titunan babban birni ba zai kai Tesker ko Belbeji ba. Muna da Jami'ar André Salifou a nan garin, tana karantar da likitanci. Me zai hana a buɗe wannan fanni a nan, yaranmu su karanta su zauna a gida? Me zai hana a bi tasha-tasha da fada-fada, a koya wa direbobi da yaran mota da masu kabu-kabu da adaidaita yadda ake danne rauni da tsumma mai tsabta, da yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefensa, da cewa ba a ɗura masa ruwa a baki? Ƴan agajin masallatai da na Croix-Rouge suna nan, mu tsofaffin ma'aikata ma muna nan, ko sisi ba za mu nema ba. Sai kuma a ware kuɗin man mota tun farkon shekara, a ajiye akwatin kayan gaggawa a kowace ƙofa, a yi wa mutum aiki tukuna a yi lissafi daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake roƙonka shi ne ka sake gayyato wannan baƙo, ka zaunar da shi da direban motar asibiti guda da ungozoma guda daga karkara, ka buɗe layi tun daga farkon shiri, ba minti biyar na ƙarshe ba. A tambaye shi likitoci nawa ne a ƙasar nan waɗanda aikin gaggawa ne fanninsu, nawa ne daga cikinsu suke wajen Yamai, kuma wa ke biyan kuɗin mai in dangi ba su da shi. In ya kauce a maimaita masa tambayar.

Wani abu kuma tunda na ɗauki alƙalami. Tun kafin azumi kuka yi alkawarin shiri na musamman a kan ruwan sha, har yau shiru. A unguwarmu pampo ba ya kawowa sai tsakar dare, in ma ya kawo, mata da yara ba sa barci, ƴan ga-ruwa kuma kullum sai sun ƙara kuɗin jarka. Ga bazara ta ƙarato. Ku aiko ɗan rahotonku ya zo ya gani da idonsa, ni zan zagaya da shi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
tsohon majo, unguwar Garin Malam, Damagaram