A Riƙa Auna Gogayya da Sifirin a Makarantunmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon malaman fiziks na Kumasi su sa ɗalibai auna gogayya da hannunsu kafin jarrabawar WASSCE, don kayan ba su da tsada.

A ɗora gram 200 kan sifirin. In ya lotsa santimita 4, k, wato ma'aunin taurin sifirin ɗin, ya zama 49 N/m. Sai a kwantar da sifirin ɗin kan tebur, a danne shi santimita 10 da katako mai gram 250, a saki. Makamashin da sifirin ɗin ya tara, ½kx² (x shi ne tsawon dannawar, a mita), jul 0.245 ne, kuma gogayya ce ke cinye shi duka. In katakon ya zame santimita 40, a raba 0.245 da mgd (nauyin katakon, mg, sau tazarar da ya zame, d), a samu 0.25, wato ma'aunin gogayya tsakanin katakon da teburin.

Inda yara ke tuntuɓe shi ne tazarar: daga inda aka saki katakon ake aunawa, ba daga bakin sifirin ba. A goge ƙurar alli, kada kuma teburin ya karkata.

Malamin fiziks,
Aboabo, Kumasi