Takardar Koke Kan Yadda Jama'a Suka Janye Yardarsu Daga Allurar Rigakafi

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka da muka sa hannu a ƙasan wannan takarda, masu unguwanni da limamai da malaman makaranta da ungozomomi da iyaye mata, mun zo da kuka a kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Tun bayan annobar korona, mutanenmu da yawa sun daina yarda cewa allurar rigakafi tana aiki. Abin ya wuce allurar korona, ya fara shafar ta ƙyanda da ta shan inna da sauran alluran yara. Uwar da a da take goya ɗanta ta je da ƙafarta, yau sai ta ce a bari tukuna. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta sa wa korona, mutane suka koma harkokinsu, amma wannan tabon bai warke ba.

Ranka ya daɗe, an sha cewa jahilci ne da jita-jita. Akwai su, ba mu musa ba. Mun ji masu cewa allurar tana hana haihuwa, har da masu cewa an sa wata na'ura a ciki. Amma mu da muke zaune da jama'a mun ga cewa abin da ya fi karya yarda shi ne alkawarin da aka yi wanda ya fi ƙarfin allurar. Masu shela sun zagaya da lasifika suna cewa wanda ya yi ba zai kamu ba. Wani dattijo a cikinmu, mai hawan jini da ciwon suga, ya karɓa sau biyu yana nuna wa kowa katinsa. Bayan watanni ya kwanta da tari da zazzaɓi, aka gwada aka ce korona ce. Kwana takwas ya yi a ɗakinsa ya miƙe. Wanda ya san aikin zai ce allurar ta yi abin da aka yi ta dominsa, tunda mai irin shekarunsa da ciwonsa bai kai ga gadon asibiti da bututun iska ba. Amma masu zuwa dubiya abin da suka fita da shi a baki shi ne, "To ina amfaninta?" Kuma ba mu ga laifinsu ba, don da abin da aka gaya musu suka auna.

An yi ta maimaita cewa allurar tana kariya "kashi 95 cikin 100" ba tare da an fassara wa kowa ba. Adadin ya fito ne daga gwajin allurar kamfanonin Pfizer da BioNTech da aka bayyana sakamakonsa a watan Nuwamba na 2020. Mutum fiye da 43,000 aka raba gida biyu, aka yi wa rabi allurar gaske, rabi ruwan gishiri. Cikin mutum 170 da suka kamu, 162 daga masu ruwan gishiri ne, 8 kawai daga masu allurar. Ke nan tun ranar farko an san akwai wanda zai yi ya kuma kamu. Daga baya aka ga kariyar hana kamuwa tana raguwa bayan 'yan watanni, sannan a Nuwamba na 2021 sabon nau'in korona mai suna Omicron ya bayyana, wanda ya fi iya zille wa garkuwar jiki. Kariyar hana ciwo ya yi tsanani ita ce ta fi daɗewa. Wannan bayani ba shi da wuyar ganewa, ranka ya daɗe. Da an yi shi tun farko, da lokacin da aka dawo ana cewa a zo a yi ta uku mutane ba su ce ai ga shi ta farkon ba ta yi ba.

Haka batun illa. Wata baiwar Allah hannunta ya kumbura, ta kwana da zazzaɓi da kasala. Washegari ta koma inda aka yi mata, ta tarar da benci kawai, masu allurar sun tashi. Babu wanda ya gaya mata cewa hakan yakan faru, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta warke, amma ta hana 'yan gidansu gaba ɗaya. A watan Maris na 2021 kuma mutane suka ji a rediyo cewa Denmark da Jamus da Faransa sun dakatar da allurar AstraZeneca na ɗan lokaci saboda daskarewar jini, alhali ita ake yi wa mutanenmu. Daga baya hukumar magunguna ta Turai ta tabbatar da cewa illar gaskiya ce amma ba kasafai take faruwa ba, kuma amfanin allurar ya rinjayi haɗarinta. Rabin farko na labarin ya shiga kowane gida, rabin na biyu bai samu mai kai shi ba. Wanda ya yi tambaya kuwa sai a harare shi a ce ba shi da wayewa.

Muna jin tsoron inda wannan hanya take kaiwa, domin an ga ƙarshenta a wani wuri. A Samoa, wata ƙasar tsibirai da ke tekun Fasifik, a 2018, jarirai biyu suka rasu bayan allurar ƙyanda. Bincike ya nuna kuskuren ma'aikatan jinya ne, sun haɗa allurar da wani magani da wa'adinsa ya wuce maimakon ruwan da ake haɗa ta da shi. Iyaye suka tsorata, aka dakatar da allurar watanni. A 2019 ƙyanda ta shigo, ta kama fiye da mutum 5,000, ta kashe 83, mafi yawansu yara ƙanana, a ƙasar da mutanenta ba su fi 200,000 da kaɗan ba. Ita kuwa allurar ƙyanda, idan yaro ya samu biyun, tana kare kusan kashi 97 cikin 100. Dattawan cikinmu kuma sun san agana, sun san fuskokin da ta bari, kuma rigakafi ne ya kawar da ita daga duniya, aka shelanta hakan a 1980.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya kira shugabannin lafiya na ƙasarsa ya yi musu umarni cewa duk lokacin da za a kawo allura, a fara zama da masu unguwanni da limamai da ungozomomi, a gaya musu abin da take yi da abin da ba ta yi: ko tana hana kamuwa ne, ko rage tsananin ciwo, tsawon wane lokaci, kuma me mutum zai iya ji a jikinsa bayanta. Idan likita bai san amsa ba, ya ce bai sani ba tukuna. Mutanenmu suna girmama mai faɗin haka fiye da mai rantsuwa a kan abin da gobe zai ƙaryata shi. Idan kuma bayani ya canza, kamar yadda ya canza a zamanin korona, a dawo a faɗa, da dalilinsa.

Muna roƙon a bar ma'aikacin lafiya guda a wurin da aka yi allura na 'yan kwanaki, ko a ba da lambar da in an kira za a ɗaga, kuma duk ƙorafin da aka kai a rubuta shi, a dawo wa mai shi da amsa.

Akwai kuma maganar kwalba. A lokacin korona an kai wa ƙasashe matalauta allurai da wa'adinsu ya kusa ƙarewa, labarin ya bazu, har wasu suka ɗauka ragowar da aka ƙi ce ake tsira musu. Malawi ta ƙona kusan 20,000 a bainar jama'a a watan Mayu na 2021 don mutane su gani da idonsu cewa ba za a yi musu lalatacciya ba. Mu ba mu nemi a kai ga haka ba. Ya isa a nuna wa mutum kwanan watan da ke jikin kwalbar da akwatin sanyin da aka ɗauko ta kafin ya miƙa hannu. Kuma a bar tsoratarwa da cewa za a hana mutum kaza in bai yi ba. Abin da muka ga ta haifar shi ne neman kati ba tare da allura ba.

Allah ya taimaki Sarki, ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon a sa ranar zaman farko tun yanzu da babu annoba a ƙofa, a fada in Mai Martaba ya yarda, domin maganar da aka yi a gabansa ba a janye ta. Mu za mu kawo mutanenmu, har da waɗanda suka fi kowa ƙin allurar, da tambayoyinsu a rubuce.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Wassalam.

Sa hannun wakilan masu unguwanni, limamai, malaman makaranta, ungozomomi da iyaye mata yana a shafin da ke biye.